Batirin agogo da maganaɗisu: haɗiyar da ba a jira ta fito da kanta

Mahaifiyata tana da wata 'yar na'urar tasbihi irin wadda ake ɗaurawa a yatsa, wadda mutane ke kira kaunta, kuma tun da aka kawo mata ita tsaraba daga Umara ta rataye carbinta ta koma amfani da ita. Wani dare bayan sallar isha'i ta lalubo ta a gefen darduma domin ta ƙarasa laziminta, sai ta tarar da murfin bayanta a buɗe, ramin batirin kuma wayam. 'Yata, wadda a lokacin take da shekara ɗaya da wata takwas, tana zaune kusa da ita tana jan madaurin na'urar da haƙora. Ba ta kuka, ba ta tari, babu wata alama a jikinta da za ta sa hankalin mutum ya tashi. Muka kakkaɓe darduma, muka ɗaga katifa, muka share ɗakin da tsintsiya har sau biyu muna haskawa da fitilar waya, amma batir ya ce ɗauke ni inda kuka ajiye ni.

Hajiya ta ce, "Ku ba ta manja ta sha, in ma haɗiyewa ta yi zai sulale ya fita. Kai ma ai kwabo ka haɗiye kana yaro, da safe muka gan shi a fo." Gaskiya ta faɗa game da kwabon, ni ma kuma zuciyata ta karkata ga mu bari gari ya waye. Uwar yarinyar ce ta ƙi natsuwa, ta leƙa gidan maƙwabciyarmu wadda ma'aikaciyar jinya ce. Matar ta shigo ko mayafi ba ta gama yafawa ba, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kada a ba ta manja, kada kuma a sa ta amai. Malam, nemo abin hawa yanzu, babban asibiti za ku, inda ake ɗaukar hoto cikin dare." A hoton an ga batirin ƙarara, ɗan fari zagayayye, ya riga ya sauka cikin tumbi. Likitan ya ɗora yatsa a kan hoton daidai tsakiyar ƙirji, ya ce da a nan ya tsaya, da a daren nan za a shiga da ita ɗakin tiyata. Da yake ƙarami ne kuma ya wuce, aka sallame mu da sharaɗin mu riƙa duba bayan gidanta, mu kuma dawo da gudu idan ta yi amai, ko zazzaɓi, ko ta ƙi abinci. A rana ta uku ya fito, ya yi baƙi kamar an ƙona shi.

Tun daga wannan dare nake bibiyar lamarin, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa shawarar da Hajiya ta bayar, wadda iyaye da kakanni suka daɗe suna bayarwa kuma sau da yawa tana yin daidai a kan kwabo ko maɓallin riga ko ƙwallon dabino, ita ce shawarar da ke iya halaka yaron da ya haɗiyi batir. Kwabo ƙarfe ne kawai, in ya samu hanya ya wuce shi ke nan. Batir kuwa wuta gare shi, kuma idan ya maƙale a hanyar abinci, wato bututun da ke tashi daga maƙoshi ya sauka cikin tumbi, nan take yake soma aiki a kan naman da ya taɓa.

Mutane da yawa suna zaton sai batirin ya fashe ruwan cikinsa ya zubo kafin ya yi illa. Ɓarnar tana farawa tun yana nan lafiyarsa ƙalau. Yawu da damshin hanyar abinci su ne ke haɗa fuskokinsa biyu, sai wutar lantarki ta riƙa gudana ta cikin nama, tana farfasa ruwan da ke wurin, tana haifar da sinadari mai cin nama a gefen batirin. Duk matar da ta taɓa haɗa sabulu ta san sodar da ake zubawa a ciki, ta san yadda take saɓule fatar hannu idan aka yi sakaci. To irin wannan sinadarin ne ke taruwa a maƙoshin yaro, a wuri ɗaya, ba tare da an wanke ba. Likitoci sun tabbatar cewa cikin awa biyu kacal yana iya yin mummunar ƙuna. Idan aka daɗe, yana huda hanyar abincin, yana iya buɗe ƙofa tsakaninta da hanyar numfashi ta yadda abin da yaro ya sha zai riƙa shiga huhunsa, yana iya lalata jijiyar da ke motsa murya, kuma mafi muni duka, yana iya cin hanya har ya kai ga babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya, wadda ke kwance daf da wurin. Idan wannan ta ɓalle, jinin da ke zuba ba ya ba da lokaci.

Na so in gani da idona, don haka wata Asabar na sayo sabon batir, na yanka tsokar nama biyu sirara, na ɗiga musu ruwa kaɗan, na sa batirin a tsakaninsu a kan faranti, na ɗora a saman firji inda hannun yara ba zai kai ba. Kafin rabin awa 'yar kumfa ta fara fitowa a kewayen batirin. Da awa biyu ta cika na ɗaga naman, sai ga zobe baƙi daidai girman batirin, naman wurin ya yi laushi ya narke kamar an dafa shi ya wuce misali, sauran tsokar kuwa ja wur kamar yadda na yanko ta. Na kira Hajiya na nuna mata. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sa'an nan ta ce a kawo mata kauntar nan, ta ba ni ta ce in naɗe bayanta da salatif.

Batiran nan iri-iri ne, kuma haɗarinsu bai zama ɗaya ba. Akwai ƙanana irin na agogon hannu da na kaunta da na ma'aunin zafin jiki, waɗanda galibi ƙarfinsu bolt ɗaya da rabi ne. Akwai kuma manya masu faɗi kamar kwabo, na sinadarin litiyam, masu ƙarfin bolt 3, waɗanda za ka ga an rubuta CR2032 ko CR2025 ko CR2016 a bayansu. Lambar tana da ma'ana: 2032 na nufin faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2. Wannan faɗin shi ne matsalar, domin ya isa ya shige bakin yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu, amma ya yi wa hanyar abincinsa girma, sai ya tsaya a tsakiya, ga shi kuma ƙarfin wutarsa ninki biyu ne. Wani bincike da likita Toby Litovitz da abokan aikinta na cibiyar kula da guba ta birnin Washington suka wallafa a shekarar 2010 ya nuna cewa cikin yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka haɗiyi irin wannan babban batirin, kusan ɗaya cikin takwas ya samu mummunan rauni ko ya rasu. Sun kuma gano cewa a mafi yawan lokuta yaran da kansu ne suka ciro batirin daga cikin na'ura. Wannan babban batirin yana cikin makullin mota mai rimot, da na'urar gwada sukari da ke ɗakin kusan kowane dattijo mai ciwon suga, da sikelin auna nauyi, da wasu ƙananan rimot. Ƙananan kuma sun cika kayan wasan da muke saya wa yara lokacin Sallah, motoci masu ƙara, zobba da tabarau masu walƙiya, 'yan tocila masu jan haske, waɗanda yawancinsu murfin batirinsu ko noti babu, da farce ma buɗewa yake yi. Ƙaramin ma ba abin rainawa ba ne, domin yara suna cusa shi a hanci ko a kunne, kuma a hanci yana iya huda guringuntsin da ya raba kafofin biyu.

Wani kuskuren da nake gani a gidajenmu shi ne yadda muke yi da batirin da ya mutu. Idan na'ura ta daina aiki sai a cire shi a ajiye a kan taga, ko a jefa a tsakar gida, wani lokaci ma a miƙa wa yaro ya yi wasa da shi. Batirin da ya kasa kunna rimot yana iya kasancewa da sauran wutar da za ta ƙona nama, sai dai ta ɗauki lokaci fiye da na sabo.

Da a ce kullum ana ganin lokacin da yaro ya haɗiye shi, da matsalar ta zo da sauƙi. Sau da yawa babu wanda ya gani, yaron kuma bai iya magana ba, ko ya iya amma yana tsoron duka. Alamomin kuma irin waɗanda muka saba da su ne a kowane mako: dalalar da yawu, ƙin cin abinci ko ƙin kama nono, amai, tari, shaƙewar murya, zazzaɓi, rigima marar dalili. A wurinmu duk waɗannan suna da suna tun kafin a duba yaro. Za a ce haƙori ne yake fitarwa, ko sanyi ne ya kama shi, ko zazzaɓin cizon sauro ne, a je kemis a karɓo magani, a yi kwana biyu ana ɗura masa, batir kuwa yana can yana ci. Saboda haka ina ganin duk yaron da lafiyarsa ƙalau da safe, kwatsam ya koma ba ya iya haɗiye tuwo ko shinkafa sai ruwa-ruwa, yana zubar da yawu, ya kamata iyaye su tambayi kansu ko akwai wata na'ura da aka tarar a buɗe a gidan, kuma su faɗa wa likita wannan zargin da bakinsu. Amai mai jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta kuwa alama ce ta cewa ɓarna ta yi nisa.

Abin da ake yi idan an gani ko an yi zargi kaɗan ne, kuma duk ya rataya ne a kan sauri. A tafi asibiti nan take, ko da yaron yana dariya yana wasa, kuma a nufi babban asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoto da likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ko likitocin tiyatar yara, irin asibitocin koyarwa da ke Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri, maimakon a ɓata awa biyu ana yawo daga ƙaramin asibiti zuwa wani. Da an isa a faɗi kalmar batir tun a bakin ƙofa, kada a ce wai ya haɗiyi wani abu, domin wannan kalmar ce ke sa a tsallake layi. A tafi da na'urar da aka ciro shi daga ciki ko kwalinsa, don a san girmansa. Kada a sa wa yaro yatsa a maƙoshi, kada a ba shi ruwan gishiri don ya yi amai, kada a tura masa lomar tuwo ko ayaba da nufin su danna shi ƙasa, domin idan za a cire batirin sai an sa yaron barci, kuma cikakken ciki yana ƙara haɗarin wannan aikin. A hoto likitoci suna bambance batir da kwabo ta wani zobe biyu da ke bayyana a gefensa, sa'an nan su zura na'ura mai fitila ta baki su ciro shi.

Abu ɗaya ne aka yarda a ba yaro a hanya, shi ne zuma. A shekarar 2018 likitocin asibitocin yara na Philadelphia da Columbus a Amurka suka nuna cewa zuma tana lulluɓe batirin tana kuma rage kaifin sinadarin, daga nan aka shigar da ita cikin ƙa'idar agajin farko: ƙaramin cokali biyu, wato mililita 10, duk bayan minti goma, har sau shida. Amma sharuɗɗanta suna da tsauri, kuma ina jin tsoron yadda mutanenmu, da muke girmama zuma a matsayin waraka, za su ji rabin maganar su bar rabi. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, saboda zuma tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai. Ba a bayarwa idan an wuce awa 12 da haɗiyewa, ko idan yaron ba ya iya haɗiya, ko yana aman jini. Kuma zuma ba ta cire batir, jinkirta ɓarnarsa kawai take yi. Idan tana gidan a ɗauka a riƙa ba shi cikin mota, idan babu ita kada a tsaya nema gida-gida.

Ko bayan an ciro batirin, maganar ba ta ƙare ba, kuma wannan ɓangaren ne ya fi ba ni tsoro. Ƙunar tana ci gaba da ci a ƙarƙashi na kwanaki, har makonni, ta yadda yaro zai iya komawa gida ana murna, daga baya jini ya ɓalle ko hanyar abinci ta tsuke. Labarin wata yarinya 'yar jihar Texas mai suna Reese ya nuna haka. Ta haɗiyi batirin rimot a watan Oktoban 2020, da farko aka ɗauka ciwon maƙogwaro ne irin na yara, aka cire batirin bayan an gano, amma ramin da ya buɗe tsakanin hanyar abincinta da ta numfashi ya sa ta yi makonni a asibiti, ta rasu a watan Disamba tana da wata 18. Mahaifiyarta ta tsaya tsayin daka har majalisar Amurka ta yi doka da sunan yarinyar, wadda Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a watan Agustan 2022, dokar da ta wajabta cewa murfin batir ya zama ba ya buɗuwa sai da abin kwancewa ko da motsi biyu a lokaci ɗaya, kwalin batir kuma ya gagari yaro. Ostireliya ta riga su, nata dokokin sun fara aiki a watan Yunin 2022. Wasu kamfanoni ma sun motsa: Duracell yana shafa wa batiransa masu faɗi wani abu mai tsananin ɗaci don yaro ya tofar. Sai dai batiran da ake sayar mana a kati a bakin titi, biyar-biyar, da kayan wasa masu arha da ake shigo da su buhu-buhu, ba a yi su da wannan tunanin ba, don haka tsaron ya dawo kan iyaye.

Maganaɗisu kuma tasa hanyar daban ce. Ba wancan baƙin da muke cirowa daga tsohuwar rediyo muna jan ƙusa da shi muna yara nake nufi ba. Na yanzu ƙanana ne masu sheƙi kamar azurfa, na sinadarin niyodimiyam, wasu ba su wuce ƙwayar barkonon masoro ba, amma ƙarfin jansu ya ninka na tsohon sau da yawa. Idan yaro ya haɗiyi guda ɗaya tak, yawanci yakan wuce. Idan ya haɗiyi biyu ko fiye, musamman a lokuta daban-daban, ko ɗaya tare da wani ƙarfe, sai kowanne ya kama hanyarsa cikin hanji, kuma da yake hanji a naɗe yake, sai su hango juna ta bango su manne, su matse naman hanjin a tsakaninsu. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, hanji ya huje ko ya murɗe ko ya toshe, ƙazanta ta zuba cikin ciki. Alamomin farko ciwon ciki ne da amai da zazzaɓi, waɗanda a nan da wuya a ce musu wani abu in ba taifod ba. Sau da yawa sai an buɗe ciki, wani lokaci a yanke wani sashe na hanjin. A hoto ma biyu da suka manne suna iya fitowa kamar ɗaya, shi ya sa yake da muhimmanci iyaye su faɗi adadin da suka ɓace in sun sani. Zuma ba ta da wani amfani a nan.

A Amurka hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta hana sayar da tarin 'yan ƙwallayen maganaɗisu a 2014, kotu ta soke hanin a 2016, asibitoci suka ga adadin yaran da ake kawowa ya hau sosai, har aka sake kafa sabuwar ƙa'ida a 2022. A Ingila kuwa hukumar lafiya ta fitar da gargaɗi a 2021 bayan da manyan yara suka riƙa sa su a harshe ko a leɓe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, don kwaikwayon hujin ado da suke gani a intanet, sai su suɓuce su haɗiye. Wato abin bai tsaya ga masu rarrafe ba. Ni dai da na waiwayi gidana ban ga waɗannan ƙwallaye ba, amma na ga abin da ya yi kama da su a kan madubin uwargida: 'yan maganaɗisun da mata ke kama mayafi da hijabi da su a madadin fil. Biyu-biyu suke zuwa, masu launi, sumul kamar alewa, ƙarfinsu kuma ya isa ya riƙe yadi ninki huɗu. Akwai su kuma a 'yan kunnen da ba sa bukatar huji, da bakin jakar hannu, da abin sauraren waya idan ya fashe. Duk macen da ke amfani da su ta ƙirga su, ta riƙa ajiye su a abin da ke da murfi mai ƙarfi, kuma idan ɗaya ya ɓace kada ta ce ai ya faɗa bayan gado har sai ta gan shi.

Bayan abin da ya same mu na bi gidan ɗaki-ɗaki na tattara duk abin da ke da irin wannan batir, na samu guda goma sha ɗaya, alhali da an tambaye ni da na ce ba su wuce uku ba. Waɗanda ke da noti na ƙara ɗaure su, waɗanda babu na naɗe da salatif mai ƙarfi, kayan wasa biyu kuma na cire batiransu gaba ɗaya na bar wa yara su haka. Sababbin batira suna cikin akwatin da ke kulle, wanda ya mutu kuma ina manna masa salatif gaba da baya tun a hannuna kafin in fitar da shi daga gidan. Na yi wa yayyen yarinyar bayani, domin su ne ke buɗe abubuwa su bar wa ƙannensu, na kuma yi musu alkawarin cewa duk wanda ya zo ya faɗa mini ya haɗiyi wani abu, ko ya ga ƙaninsa ya haɗiya, ba zan taɓa shi ba.

Akwai wani mai gyaran agogo da nake kai wa aiki a bakin kasuwa, wanda ke tara tsofaffin batira a cikin buɗaɗɗen gwangwanin madara a ƙasan teburinsa, ga yaran masu sayar da abinci suna rarrafe a wurin duk yini. Na ba shi labarin naman nan, na nuna masa hoton da na ɗauka a waya. Ya ce shekara da shekaru yana wannan sana'a bai taɓa jin haka ba, har ma yakan ba yara su yi wasan 'yar carafke da su. Da na koma karɓar agogona bayan mako guda, na tarar ya zuba su a kwalba mai murfin murɗawa, ya ɗora ta a saman akwatin gilashinsa.